Yadda Ake Neman Diyya a Amurka Idan Wanda Ya Buge Ka Ba Shi da Inshora, Ko Tasa Ba Ta Kai Ba

Kusan kowace jiha a Amurka ta wajabta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. New Hampshire ce ta bar abin a hannun direba. Amma doka daban, abin da ke kan titi daban. Cibiyar binciken inshora ta IRC ta ƙiyasta cewa a 2019 kashi 12.6 cikin ɗari na direbobin ƙasar ba su da inshora, a 2022 kuma adadin ya kai kashi 14, wato kusan direba ɗaya cikin bakwai. A ƙididdigar 2019 Misisipi ta haura kashi 29, New Jersey kuwa da kaɗan ta wuce kashi 3.

Akwai kuma waɗanda ba su karya doka ba, suna da inshora, sai dai ta mafi ƙarancin abin da jiha ta yarda. A New York da Jojiya wannan dala 25,000 ne ga mutum ɗaya da ya ji rauni, 50,000 ga duk waɗanda hatsarin ya shafa. A Texas da Maryland 30,000 ne da 60,000. Kalifoniya ta daɗe a kan 15,000 kafin ta ɗaga zuwa 30,000 a farkon 2025. Florida kuwa ba ta ma tilasta wa yawancin direbobi inshorar biyan raunin wani ba. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗin asibitin Amurka a hannunsa ya san karaya ɗaya da tiyata da 'yan kwanaki a gado za su iya lashe dala 25,000, tun ba a zo maganar gashin ƙashi da albashin da aka rasa ba.

Saboda irin waɗannan direbobin ne inshorar motarka take da sashen da ake rubutawa UM, na wanda ba shi da inshora sam, da UIM, na wanda tasa ta gaza. A New York ƙarin da ake saye ana rubuta shi SUM. Kamfaninka ne zai biya ka abin da ya kamata wancan direban ya biya. To amma ka riƙe wannan tun yanzu, domin a kansa sauran bayanin ya ɗoru: ranar da ka nemi wannan kuɗin, kamfaninka ya tsaya ne a wurin wanda ya buge ka. Duk hujjar da wancan zai iya kawowa, cewa kai ma da naka laifin, cewa ciwon bayan tsoho ne, cewa kuɗin maganin ya wuce kima, kamfaninka yana da damar kawo ta. Shekarun da ka yi kana biyan su kowane wata ba za su hana ba. Ba mugunta ba ce, haka kwangilar take.

Mataki na 1: A wurin hatsarin

Kira 911, ko da kana ganin abin bai kai ba. Direban da ba shi da inshora shi ne ya fi kowa saurin kwantar da murya. Zai ce a bar 'yan sanda, yana da bakanike, ga dala ɗari biyar yanzu, sauran zai turo ranar Juma'a. Mu kuma da muka taso inda ake taruwa a bakin titi a ba da haƙuri a ce Allah ya kiyaye gaba, abin yana mana nauyi mu ce a'a. Ka ce a'a. Ba tare da rahoton 'yan sanda ba, maganarka ce kawai da tasa, in ma ya ƙara ɗaukar wayarka. A wasu manyan birane, har da New York, 'yan sanda ba lallai su zo ba idan ba wanda ya ji rauni. In haka ta faru, ka je ofishinsu da kanka.

Kafin su iso, wayarka ta yi aiki. Ɗauki hoton lambar motarsa, da lasisinsa, da katin inshorarsa gaba da baya. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai ƙaramin faranti mai haruffa da lambobi 17, shi ne lambar jikin motar, ita ma ka ɗauka. Lambar takarda ta wucin gadi da ake liƙawa a baya ana iya yin ta jabu, lambar jiki kuwa tana da wuyar sauyawa. Duba ko sunan da ke kan katin inshora shi ne na kan lasisi. Kada kwanan watan da ke kan katin ya ruɗe ka. Mutum yana iya biyan wata ɗaya, ya karɓi kati mai nuna wata shida, ya daina biya, kamfani ya soke, katin kuma yana nan a aljihunsa fes.

Ɗauki motocin biyu yadda suka tsaya, da fitilar hanya, da alamar burki a kwalta. Karɓi suna da lambar wayar duk wanda ya gani. Ɗaga kai ka duba shagunan kusa. Yawancin kyamarorinsu suna goge abin da suka ɗauka bayan 'yan kwanaki, don haka a ranar ko washegari za ka roƙi mai shago ya adana maka.

Idan ya buge ka ya gudu, agogo ya fi matse ka. A New York da Kalifoniya ana son ka kai rahoto ga 'yan sanda cikin sa'o'i 24, Kalifoniya kuma tana son bayanin rantsuwa ya isa kamfaninka cikin kwana 30. Wasu jihohin, irin su Texas da Kalifoniya, suna neman shaidar cewa motar da ta gudu ta taɓa taka, ba wai ta matse ka ka kauce ka daki bango ba. Saboda haka fentin motarsa da ya goge a jikin taka hujja ce. Kada ka wanke, kada ka kai gyara sai an ɗauki hoto, jami'in kamfani ya gani.

Kada ka ce "laifina ne", kada ka ce "ban gan shi ba". Ka faɗi abin da ya faru kawai. A Maryland, Virginia, North Carolina da Alabama, idan aka tabbatar kana da ko ɗan ƙanƙanin laifi, kana iya rasa diyyar gaba ɗaya, har da ta UM.

Mataki na 2: Likita, a ranar

Wuya da baya sukan yi shiru a ranar, su tashi bayan kwana biyu. Je asibiti ko ƙaramin asibitin gaggawa tun ranar, ka ce hatsarin mota ne, ka lissafa duk inda ke ciwo, ba wanda ya fi zafi kaɗai ba. Abin da ba a rubuta ba, a wurin kamfanin inshora bai faru ba. A Florida wanda bai ga likita cikin kwana 14 ba ya rasa kuɗin maganin PIP, wato sashen inshorar motarka da ke biyan maganinka kai kanka. A New York, inda PIP ke biyan har dala 50,000 na magani da wani ɓangare na albashi ba tare da duba mai laifi ba, kwana 30 ne wa'adin miƙa takardar nema.

Abin da ya fi karya 'yan'uwanmu a nan shi ne yankewar magani. Mutum ya je gashi sau uku, aiki ya matsa, ya daina. Ko ya tafi gida Kano ko Yamai ko Kumasi ya yi wata biyu, mai ɗori ya duba shi, ya dawo ciwon na nan. Jami'in kamfani zai buɗe fayil ya ga wata biyu ba komai, ya rubuta cewa ka warke, sabon ciwon wani abu ne daban. In tafiya ta zama dole, gaya wa likitanka ya rubuta, in kuma ka ga likita a gida ka taho da takarda mai kwanan wata da hatimi.

Mataki na 3: Buɗe takardarka ka ga me kake da shi

Ba katin da ke cikin mota ba. Shafin farko na kwangilar, wanda ya jera kowane sashe da kuɗinsa. Yana cikin manhajar kamfanin ko imel ɗin da suka turo lokacin sabuntawa. Nemo layin UM, UIM ko SUM. Za ka ga lambobi biyu, misali 100/300: dala 100,000 ga mutum ɗaya, 300,000 ga hatsarin duka.

A New York da Maryland UM dole ne, kowace inshorar mota tana da shi. A Texas, Kalifoniya, Jojiya da Florida dole ne kamfani ya yi maka tayi, kuma ƙin karɓa sai a rubuce. Idan aka ce maka ba ka da shi, ka nemi su nuna maka takardar da ka sa wa hannu ka ƙi. In ba su da ita, magana ba ta ƙare ba.

Kada ka tsaya a takardarka kaɗai. Wannan sashe mutum yake bi, ba mota kawai ba. Idan kana fasinja a motar abokinka, inshorar motarsa ce ta farko, taka ta biyo baya. Idan a ƙasa kake tafiya ko kan keke aka kaɗe ka, UM ɗin motarka da ke ajiye a gida yana iya biya. Idan ba ka da mota amma kana zaune gida ɗaya da matarka ko mahaifinka ko yayanka mai inshora, galibi kana ciki a matsayin ɗan gida. A Florida da Pennsylvania akwai tsarin tarawa: mai motoci biyu, kowace da 50,000, zai iya samun 100,000, muddin bai sa hannu ya yafe wannan damar ba.

Wanda ke zaune a New York, ba shi da mota, ba mai inshora a gidansu, yana da MVAIC, asusun da jihar ta kafa domin irinsa. Wa'adinsu gajere ne: kwana 90 idan direban ya gudu, kwana 180 idan an san shi amma ba shi da inshora.

Abubuwa biyu sukan fito a wannan matakin su ɓata komai. Na farko, masu Uber, Lyft da kai abinci. Inshorar motar gida ta yau da kullum takan cire lokacin da kake ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi, sai a koma kan inshorar kamfanin manhajar ko ta kasuwanci, kuma abin da ke cikinta ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ɗauki hoton fuskar manhajar da ke nuna ko kana kan aiki a lokacin. Na biyu, dabarar nan ta rubuta adireshin ɗan'uwa a wata jiha don inshora ta yi sauƙi, alhali motar a yankin Bronx na birnin New York take kwana. Ranar da ake neman kuɗi mai yawa ake tono wannan, kuma kamfani na iya dogara da shi ya ƙi biya. Wanda yake cikin wannan hali ya gaya wa lauya gaskiya kafin ya yi magana da kowa.

In kana karanta wannan ba hatsarin da ya same ka, to yau ne ranar kiran kamfani a ɗaga UM da UIM su kai daidai da inshorar da kake biyan wasu da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ke kan takarda ranar hatsari, shi kaɗai za a biya.

Mataki na 4: Sanar da kamfaninka, a rubuce

Kira su cikin kwana ɗaya ko biyu, ka karɓi lambar fayil da sunan jami'in da aka ba aikin. Daga nan ka bi da imel ko wasiƙar da ake sa hannu kafin a karɓa, mai ɗauke da ranar hatsari, wurin, lambar kwangilarka, da jimla ɗaya da ke cewa kana sanar da su za ka nemi diyya a ƙarƙashin UM da UIM. Ka yi haka ko da ba ka riga ka san ko wancan yana da inshora ba. Kiran da ka yi kan gyaran mota ba lallai a ɗauke shi a matsayin sanarwar rauni ba, kuma jinkirin sanarwa na cikin dalilan da kamfanoni suka fi kawowa.

Akwai kuma takardar hukumar motoci, daban da rahoton 'yan sanda. A New York MV-104 ce, a Kalifoniya SR-1, duka cikin kwana 10 idan an ji rauni ko ɓarnar ta wuce dala 1,000.

Mataki na 5: Tabbatar da halin inshorar wancan

Kai ne za ka nuna ba shi da ita. Kira kamfanin da ke kan katinsa ka buɗe fayil. In sun ce an soke, ko direban ba ya cikin waɗanda aka yarda su tuƙa, ko motar sata ce, ka ce su rubuto. Wannan wasiƙar ƙin biya ita ce mabuɗin UM ɗinka. A duba kuma mai motar, in ba shi ne direban ba, da wurin aikin direban in yana kan aiki, domin can ma ana iya samun inshora. Ba dole ba ne ka ba kamfanin wancan bayanin da ake naɗa.

Mataki na 6: Lissafin UIM, da tarkon sa hannu

A nan ne kuɗi ya fi salwanta, don haka bari mu zauna a kai.

Ɗauki misali. Asararka, magani da albashi da wahala, ta kai dala 120,000. Wanda ya buge ka yana da 25,000. Kai kana da UIM na 100,000. A jihohin da ake cirewa, kamar New York da Kalifoniya, kamfaninka zai ɗebe 25,000 ɗin da ka karɓa daga 100,000 ɗinsa, iyakar abin da zai biya 75,000, jimla 100,000. A tsarin ɗorawa, wanda Jojiya ta shigo da shi a 2009, Maryland kuma ta ba da zaɓinsa tun 2018, 100,000 ɗinka kan 25,000 ɗinsa yake hawa, sai ka samu 120,000 ɗinka cif.

Yanzu sauya lamba ɗaya. A ce UIM ɗinka 25,000 ne, nasa ma 25,000. A tsarin cirewa ba za ka samu ko sisi daga kamfaninka ba, domin a idon kwangilar inshorarsa ba ta gaza taka ba. A ganina sayen UIM na mafi ƙaranci a irin waɗannan jihohin kusan biyan kuɗin takarda ne kawai.

Sai tarkon. Kamfanin wancan zai ga rauninka ya wuce 25,000, ya kira ka da fara'a ya ce za su ba ka kuɗin duka, ga takarda ka sa hannu cewa ka yafe wa mutuminsu sauran. Kana cikin matsi, haya ta taru, cek ɗin kuma na gaske ne. Kada ka sa hannu tukuna. Kamfaninka yana da haƙƙin bin wancan direban ya karɓo abin da ya biya ka. Idan ka yafe masa ba da izininsu ba, ka kashe musu wannan haƙƙin, su kuma suna iya cewa ka kashe UIM ɗinka. Mutum ya karɓi 25,000 ya zubar da 75,000 da alƙalaminsa.

Yadda ake yi shi ne: ka sa kamfanin wancan ya rubuto tayinsa tare da shaidar iyakar inshorar. Ka aika wa kamfaninka kwafi ta hanyar da za ta bar shaidar karɓa, ka nemi izini a rubuce. A New York da Florida suna da kwana 30, a Maryland kwana 60. Ko dai su amince, ko su biya ka wannan adadin daga aljihunsu don su riƙe damar bin mutumin. Ko wanne suka zaɓa, kuɗin zai zo hannunka. Izinin baki a waya ba izini ba ne. Ka kuma lura, kwangiloli da yawa suna sharɗanta sai ka karɓi iyakar inshorar wancan gaba ɗaya kafin UIM ya buɗe. Idan yana da 25,000 ka yarda da 20,000 don a gama da wuri, a wasu jihohin ka rufe ƙofar da kanka.

Mataki na 7: Hujjoji, rantsuwa, da likitan kamfani

Buɗe jaka ɗaya, ta takarda ko ta waya. Rahoton 'yan sanda, takardun asibiti, sakamakon hoton ƙashi da MRI, rasiɗin magani, kuɗin motar zuwa asibiti, takardar likita da ta hana ka aiki. Don albashi, takardun biya na watannin baya da wasiƙar wurin aiki. Direban manhaja ya sauke bayanan kuɗin shigarsa na mako-mako. Mai aikin da ake biya hannu da hannu, mai kitso ko mai sayar da kaya a tebur, abin da ya rubuta a takardar haraji shi za a duba, ba abin da yake samu a zahiri ba.

Kamfaninka kuwa, kwangila ta ɗora maka ba shi haɗin kai. Suna iya neman bayani a waya, ko zaman tambayoyi bisa rantsuwa gaban lauyansu da mai rubuta kowace kalma. Ƙin zuwa na iya soke buƙatarka. In Turancinka na kasuwa ne, nemi tafinta tun kafin ranar, kada ka ji kunya. Tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba. Kada ka ƙiyasta gudu ko tazara don ka faranta wa mai tambaya. Idan an tambaye ka jiki, ka bar al'adarmu ta cewa da sauƙi, ka faɗi abin da ba ka iya yi yanzu: ba ka iya sujada sai a kujera, ba ka iya ɗaukar ɗanka, ba ka iya zaman tuƙi fiye da rabin sa'a. Tsohon ciwo kuma kada ka ɓoye. Za su gan shi a fayil, kuma doka ta yarda a biya wanda hatsari ya tsananta masa ciwon da yake da shi.

Za su iya tura ka wurin likitan da su suka zaɓa, su ke biyansa. Je kan lokaci, ka rubuta minti nawa ya yi da kai da abin da ya gwada. Hotunan rawar biki a Facebook da TikTok kuma a dakata da su.

A New York akwai ƙarin shinge: ba a biyan diyyar zafi da wahala sai raunin ya shiga jerin munanan raunuka da doka ta lissafa, kamar karaya, ko tabo mai muni, ko nakasar wata gaɓa. Rubutun likita ne ke tsallakar da mutum wannan shingen.

Mataki na 8: Nema, ciniki, da wa'adi

Kada ka yi gaggawar faɗin adadi sai likita ya ce ka warke ko ka kai iyakar sauƙin da za ka samu, domin in tiyata ta taso bayan ka sa hannu, daga aljihunka za ta fito. Daga nan a rubuta wasiƙar nema: yadda abin ya faru, dalilin da laifin na wancan ne, jerin kuɗaɗe, abin da likita ya ce game da gaba, da adadin da kake nema. Tayinsu na farko kusan kullum ƙasa yake. Ka nemi su rubuta dalilinsu, ka amsa da takarda.

In an kasa daidaitawa, kwangilar ce ke faɗin inda za a je. A New York da Kalifoniya gaban mai raba gardama ake zuwa, ba kotu ba. A Texas, tun hukuncin Kotun Ƙolin jihar na 2006 a shari'ar Brainard, kamfani ba ya da tilas ya biya UIM sai an yi yarjejeniya ko kotu ta tabbatar da laifin wancan da yawan asarar, shi ya sa abin yake jan lokaci a can. A Jojiya, idan ka kai direban ƙara, dole a kai wa kamfaninka sammaci shi ma.

Wa'adin kai ƙarar rauni shekara biyu ne a Texas, Jojiya da Kalifoniya, haka ma Florida tun 2023, shekara uku a New York da Maryland. A Kalifoniya cikin shekara biyun nan sai ka yi ɗaya cikin uku: ka kai direban ƙara, ko ku kammala yarjejeniya da kamfaninka, ko ka nemi zaman raba gardama a rubuce. Ciniki a waya ba ya tsayar da agogo, ko da jami'in yana ta ce maka ana kan dubawa.

Yaushe ake ɗaukar lauya? In ciwon ya wuce a mako biyu kuma kuɗin kaɗan ne, kana iya yi da kanka. In akwai karaya, tiyata, dogon rashin aiki, direban da ya gudu, ko an kira ka zaman rantsuwa, ɗauki lauya. Galibinsu ba sa karɓar kuɗi sai an ci, sukan ɗauki kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har kashi 40 cikin ɗari in an shiga kotu. Ka tambaya ko kafin cire kuɗin ɗawainiya ake lissafa kasonsa ko bayan. Ka guji mutanen da ke kiranka kwana ɗaya bayan hatsari, ba ka san inda suka samu lambarka ba, suna cewa suna da asibiti da lauya a shirye. 'Yan kamasho ne, kuma fayil ɗin da ya bi ta hannunsu shi kamfani ya fi zargi.

Idan kamfani ya yi shiru ko yana ta ja ba dalili, kowace jiha tana da hukumar da ke kula da inshora, kuma kai ƙorafi kyauta ne. A New York Ma'aikatar Harkokin Kuɗi ta jiha ce ke wannan aikin.

Mataki na 9: Motar fa?

Ita lissafinta daban. A New York UM ba ya gyara mota, sai in kana da inshorar karo, wadda ke gyara motarka ko wa ke da laifi. A Texas yana gyarawa, bayan ka biya dala 250 na farko. A Kalifoniya iyakarsa dala 3,500, kuma sai an san direban ko motar da ta buge ka. Wanda yake da inshorar karo, ita ta fi sauri. Kuɗin ajiya a filin masu jan mota kullum ƙaruwa yake, don haka a fitar da ita da wuri.

Mataki na 10: Ranar kuɗi

Adadin da aka amince ba shi ne zai shiga asusunka ba. Idan inshorar lafiya ta gwamnati, Medicaid ko Medicare, ko ta wurin aikinka ta biya maganin, tana iya neman a mayar mata, haka ma asibitin da ya yi maka aiki bashi. Ana iya cinikin waɗannan a rage, kuma kafin sa hannu ake yi. Nemi takardar da ta jera komai layi-layi: jimlar kuɗin, kason lauya, ɗawainiya, bashin magani, da ragowar da ke naka. Karanta takardar yafewa ka tabbata ta tsaya kan UM ko UIM na wannan hatsarin, ba ta haɗa da kuɗin maganin PIP da ake ci gaba da biya ko gyaran motar da ba a kammala ba. In akwai inshora ta biyu a gidan da ba a taɓa ba tukuna, ita ma a nemi izininta a rubuce kafin ka sa hannu a ta farko.